Rasuwar Jirgin Wasiƙun Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yau hawaye sun ƙi zuwa, ni Babakura Tahir na unguwar Mafoni ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar jirgin saman gidanmu, wanda ya cika ranar Talata bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara kusan casa'in, bai taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya.

Kakana Ajimi ne ya ƙera marigayin. A zamaninsa jiragen soja masu fukafukai hawa biyu suna sauka a bayan gari, wani lokaci da jakunkunan wasiƙu a cikinsu, shi kuma yana cikin masu ɗaukar kayan a ka zuwa gidan waya. Kullum labarinsa ke nan: yadda fukafukan suke na katako da zane, da yadda matuƙin yake zaune kansa a waje, ya sauko fuska duk baƙin mai. Da ya koma sana'ar ƙirar gwangwani, sai ya yanka garwar mai da aka yar a filin saukar jiragen, ya fitar da jirgi mai tsawon kamu biyu, da farfela da 'yar ƙofa a ciki, ya rataye shi a zaure.

Marigayin ya yi aiki tuƙuru. Mu gida ne na masu nauyin baki, ɗa ba ya kallon idon uba ya faɗi abin da ke ransa. Don haka duk mai magana sai ya rubuta, ya sa a cikin jirgi, ya juya hancinsa yamma. In maigida ya ba da amsa, sai a tarar da hancin yana kallon gabas. Ta nan aka nemi izinin tafiya karatu, ta nan ƙanwata Yakaka ta amsa cewa ita ta ƙona dardumar Baba. Bai taɓa ɓatar da wasiƙa ba, bai taɓa kai gulma ba. Maganarsa ɗaya ce, in iska ta shigo zaure: ƙir, ƙir, ƙir.

Wasiƙar ƙarshe da ya ɗauka ta Baba ce. Na taɓa cewa da shi, a gaban abokan sana'arsa, ƙirar gwangwani aikin da ya mutu ne, na kwashe kayana na koma unguwar Mairi. Wata takwas ba mu gaisa ba. Da na gaji da kaina sai na rubuta neman gafara, na zo gida na sa a cikin jirgin, na juya hancin yamma. Ranar Alhamis aka ga hancin ya koma gabas. Ranar Litinin Baba ya rasu.

Ban buɗe ba. Tsoro nake ji. Shekara biyu ina shiga zauren ina sunkuyar da kai, ina cewa sai gobe. Sai ambaliya ta zo, azara ta karye, marigayin ya kwana tara a cikin ruwa. Tun daga nan tsatsa ta kama shi, fiffiken sama ya rabu da na ƙasa, farfela ta yi shiru. Manasse mai walda, maƙwabcinmu, ya duba shi ya ce babu inda wuta za ta kama. Da ya ɓalle 'yar ƙofar, abin da muka samu dunƙulen takarda ne kamar tuwon jiya, shuɗin tawada ya bi ko'ina. Na riƙe shi a hannu, ban ji komai ba. Har yanzu ban ji ba.

Marigayin ya bar farfela guda, da wayar da aka rataye shi da ita, da Yakaka, da ni.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a gindin darbejiyar tsakar gida, da wasiƙar a cikinsa, hancinsa yana kallon gabas kamar yadda Baba ya bar shi. Ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya wahalar da kansa da abinci. Sai dai in akwai wanda ya zauna da Baba tsakanin waccan Alhamis da Litinin, ya kuma ji ya ambaci sunana, ko da wace irin murya ce, ina roƙonsa ya zo da wuri. Ina zaure.