Kunun Ayar Gwaggo Dije a Gidan Cajin Motoci

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Na san wannan fili na manya ne, masu furfura waɗanda suka fara ƙorafi tun kafin a haife ni. Ni kuwa ko a gidanmu ba a cika jin muryata ba. Karatu dai na iya, har takardar da aka ƙunso ƙosai sai na karance ta kafin in ci, amma ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba. In kun ga na yi tuntuɓe ku kau da kai. Abin da na gani jiya ne ya ƙi zama a cikina.

Gwaggo Dije ƙanwar mahaifina ce, gida ɗaya muke a Jega Sabon Gari, kuma kunun aya take yi. Wanda ya san kunun aya ya san ba shi da haƙuri. A dama shi da safe, in bai ga sanyi ba, kafin rana ta faɗi ya yi tsami, ko akuya ba za ta kalle shi ba. Duk sana'ar a kan firiza ɗaya take tsaye. Firizar kuwa ta zama akwatin ajiye zannuwa tun ranar da ma'aikatan kamfanin wutarmu, bari in kira shi Kamfanin Sai-An-Kawo, suka zo suka ɗauke taransifomar unguwarmu, wai ba ta da lafiya, za a kai ta gyara.

Ana haka wasu mutanen Alelu suka aiko a yi musu kunun suna. Da fari Gwaggo ta ƙi. Sai ga mota mai lasifika tana zagaya gari tana shela cewa za a buɗe gidan cajin motocin lantarki, caji mai sauri irin na ƙasashen da suka ci gaba, kuma a ranar duk Jega za ta sha wuta, ba ƙyaftawa. Ranar ta faɗo jajibirin sunan. Gwaggo ta karɓi aiki, ta jiƙa aya, ta kai markaɗe da dabino da kwakwa, ta tace, muka ɗura a robobi har bayana ya ƙage. Hantsi ya yi, ƙwan fitilar ɗakinta bai ko motsa ba.

Maƙwabcinmu Kawu Magaji, manomin albasa, ya leƙo ya tarar da ita tsaye a kan robobi.

"Dije, ke da shekarunki kinka yarda da maganar mota mai lasifika?"

"To mi za ni yi, Magaji? An ce manya za su zo. Na ce ko don kunyar manya a kawo."

"Kunyar wa? Manyan ai su ne kamfanin."

"Mutanen Alelu ba su san wannan ba. Su dai sun san Dije ta ce za ta kawo, kuma Dije ba ta taɓa kai wa kowa mai tsami ba. Ɗauko amalankenka. An ce can wuta take, mu ma masu caji ne."

Haka muka ɗora firiza cike da kunu a kan amalanke, muka rufe ta da buhunan albasa, Kawu yana ja, ni ina turawa ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Dole in yaba wa kamfanin, wurin ya yi kyau. Rumfa fara tas a bakin titi, daɓen siminti da za ka iya cin tuwo a kai, da wasu dogayen akwatuna masu tiyo kamar na gidan mai. A gefe ga taransifoma an shafe ta da koren fenti tana ƙyalli. Kawu Magaji ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. A can, ɗaure da waya, ga layar da Malam Abdussalam na unguwarmu ya bayar aka rataya lokacin da ɓarayi suka matsa wa satar man cikinta. Mai fenti bai ko cire ta ba, ya bi ta kai ya wuce.

Kawu ya dafa ta a hankali ya ce, "Sannu da jiki. Ashe nan anka kwantar da ke."

Wani ma'aikaci mai rigar leda mai walƙiya ya taho da sauri.

"Hajiya, a matsar da kayan nan. Wurin na motoci ne."

"Ina motocin, ɗana?"

"Suna hanya."

"Daga ina sunka taso?"

"Ba su taso ba tukuna. Amma yana cikin tsari."

Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, domin mota guda ta zo. A bayan babbar mota aka kawo ta, an lulluɓe ta kamar amarya, saboda tsakanin inda take da Jega babu inda za ta sha wuta. Ƙarti suka sauke ta, suka tura ta har gaban akwati. Aka soka mata tiyo, aka danna, shiru. Layin da ke ciyar da taransifomar shi ma ya kwana bai ga wuta ba. Nan da nan aka ja wani labule a bayan rumfar manya, sai ga janareta ƙato, aka tayar da shi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe allon da aka rubuta cewa zamanin hayaƙi ya wuce.

A bayan labulen nan muka laɓe da amalankenmu. Wayar da ke kai wuta ga lasifika tana da gurbi ɗaya da ba kowa. Gwaggo ta kalle ni, na kalli ƙasa. Ta sake kallona. Na jona firiza, ta yi gurnani ta kama aiki.

Kawu ya ce, "Kada ki yi murna. Da an gama jawabi za a kashe injin. An ce kafin azahar an watse."

Gwaggo ta ce, "Kunun nan sai ya kai la'asar kafin ya kama ƙanƙara."

"To sai ki roƙi Allah ya tsawaita musu harshe."

Gwaggo ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Roƙo da aiki."

Abin da manyan ba su sani ba shi ne, a Sabon Gari ba a kai amarya ɗaki sai an nemo Gwaggo Dije ta rangaɗa guɗa. Mu a nan guɗa ba abin wasa ba ce. Ta aure ce, ta haihuwa ce, ta ranar da alheri ya sauka a gida. In Gwaggo ta kama hanci ta sake ta, har tsuntsaye suna tashi daga kan bishiya.

Mai Girma Sarkin Hangen Nesa, shugaban tafiyar, shi ya fara. Ya bayyana mana dabarar kasuwancin kamfani: motocin lantarki ba za su zo ba sai sun ga wurin caji, don haka a fara gina wurin, motoci su biyo baya, kamfani ya riga kowa kama kasuwa. Da wannan ilimi, gobe Kawu Magaji sai ya gina tashar jirgin ruwa a gonar albasarsa ya zauna jiran teku. Mai Girma ya ninke takardarsa zai zauna, sai Gwaggo ta saki guɗa daga tsakiyar taro.

"Ƙara muna, ranka shi daɗe. Ba mu ƙoshi ba."

Bawan Allah ya tsaya cak. Ina jin tun da yake bai taɓa samun guɗar da ba a shirya masa ita ba. Ya buɗe takardar ya sake karantowa daga farko, wannan karon har da labarin ƙuruciyarsa.

Bayansa Alhaji Babban Manajan Ribar Gobe ya hau. Ya ce farashin caji zai riƙa sauka a lokutan da jama'a ba su cika amfani da wuta ba. Na so in ɗaga hannu in yi masa albishir cewa a Jega wannan lokacin shi ne kullum, amma ba ni da irin wannan zuciyar. Ya ce da wayar hannu za a riƙa biya, a garin da wayoyinmu ke wuni a shagon mai caji suna bin layi. Ya ce masu zuwa kodayaushe za a yi musu katin gata. Ya ce ainihin ribar ma ba a wutar take ba, tana ɗakin hutawa, inda direba zai zauna ya sha abu mai sanyi kafin motarsa ta cika. A nan guɗar Gwaggo ta ɗan karkace, amma ta daure ta kai ta ƙarshe.

Ranka-ya-daɗe Injiniyan Takarda kuwa, sai da ya yi ta ɗaga murya don a ji shi a kan ƙarar janareta, yana rantsuwa cewa gidan cajin yana kan layi na musamman wanda ba a ɗauke wa wuta.

Kafin wannan lokaci magana ta zagaya cikin matan da suka zo talla. Mai fura ta ji, mai gyaɗa ta ji, duk sun san abin da ke bayan labule. Suka jeru a bayan Gwaggo, in ta gaji wata ta karɓa. Waɗanda ba a sa su cikin masu jawabi ba suka fara neman a ba su lasifika. Har wani da aikinsa riƙe jakar Mai Girma ne ya yi mana bayani a kan makomar duniya.

Da aka kira azahar, mai kula da janareta ya nufi makunni. Gwaggo ta tare gaban rumfa ta ce mata ba za su tafi ba sai sun ga motar nan ta ƙoshi da idonsu. Mai Girma ya yi murmushi ya ba da umarni a bar injin. Aka yi salla aka dawo, motar tana nan tana tsotsa a hankali kamar jaririn da ke gyangyaɗi. Mai saurin ke nan. Ban san yadda mai nawa zai kasance ba.

La'asar ta gabato, Kawu Magaji ya zura hannu cikin firiza ya fito da roba ta yi fari, ta daskare. Ya ɗaga wa Gwaggo ita daga nesa. Ta sauke hannu daga hanci, muryarta ta riga ta tafi.

A nan ne Mai Girma Sarkin Hangen Nesa ya sake miƙewa, yana share ido da bakin babbar riga. Ya ce zai faɗa mana wani sirri. Ashe manyan kamfani sun yi ta gardama a kan wannan aiki, har suka yanke cewa gwaji ne kawai: in mutanen Jega ba su nuna sha'awa ba, a kwance komai, a mayar da kayan da aka aro inda aka aro su. Amma yau, in ji shi, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Iyayenmu mata sun yi magana, kuma an ɗauki muryarsu a na'ura za a kai wa manya su ji. Gidan caji ya zauna daram. Ba wannan kaɗai ba, za a gina irinsa a Aliero da Maiyama, kuma injiniyoyi sun riga sun hango wasu taransifomomi a can da alamar rashin lafiya a jikinsu.

Aka yi tafi. Kawu Magaji ya juya ya dubi koriyar taransifomarmu, ya dubi Gwaggo.

"Dije, da kin yi shiru da gobe ta kwana gida."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta matso kusa da kunnensa, ni ma na kasa nawa.

"Ja amalanke, Magaji. Na Alelu dai za su sha da sanyi."

Mutanen Aliero, da na Maiyama, ni ba mai ba da shawara ba ce, ban kai ba. Amma in mota mai lasifika ta zagayo ta gayyace ku buki, ku bar masu guɗarku a gida.

Muna naɗe wayar firiza na ji mai ɗaukar hoto yana cewa a samo masa wata matashiya ta faɗi yadda samari da 'yan mata suka ji daɗin wannan ci gaba. Ma'aikacin nan mai rigar walƙiya ya fara waige-waige, yana cewa ai ɗazu ya ga wata mai tabarau a nan. Na ja hijabina na rufe rabin fuska, na raɓa ta bayan wata motar albasa da ke fita. Da wannan kuma nake roƙon edita, in ya ga dama ya buga, ya bar wurin suna a buɗe, kada ya tsaya nemana.