Yaƙin Malam Haladu da Siginar Toron Giwa

Malam Haladu Masinja ya yi laifi biyu, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Ya yi girman kai, sannan ya yi wa maƙwabcinsa ƙazafi. Wanda ya ga na tsananta, ya dakata ya ji yadda aka yi.

Amma ba'adu. Shi ne Haladu ɗan Gambo mai awon gero, jikan Ɗanbaba wanda aka ce ya taɓa korar kura da muciya, tsatson mutanen da ba su taɓa tambayar kowa hanya ba ko da sun ɓata. Sadaukin Malumfashi, ma'abucin jakar wasiƙu, wanda ya shekara talatin yana kai takardun ofis ƙauye-ƙauye har ya yi ritaya, ruwan sama bai jiƙa masa ko ambulan ɗaya ba. Abin hawansa kuwa wani baƙin babur ne na zamanin da, mai tanki kamar tulu, mai murya kamar taɓarya a turmi, wanda ya raɗa wa suna Toron Giwa. Babban alfaharinsa a duniya, wanda yake maimaitawa a majalisar dattawa ta gindin darbejiya har kowa ya haddace, shi ne tun ranar da ya sayi Toro hannun bakanike bai taɓa sauka a kansa ba.

Asalin fitinar ado ne. Ran Litinin baduku ya ɗinka wa kujerar Toro riga ta jar fata mai tuntaye. Fata ta yi saura, Haladu kuwa ba ya zubar da abu. Sai ya yanka ta zobe-zobe, ya kwance siginonin nan huɗu, ya yi wa kowace matashi a gindi, ciki da waje, don kada ƙarfe ya goge masa fenti. Ya ɗaure tamau, ya ja da baya, ya ce, "Tubarkalla."

Ran Talata da hantsi ya iso mararraba cikin haiba da natsuwa, ya tura maɓalli hagu, ya karya kan Toro. Sigina ba ta kama ba. Wani ɗan acaba da ke bayansa ya taka birki har fasinjarsa ta rungumi buhun barkononta, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, sigina fa? Ko tare kuka yi ritaya?"

Kafin azahar maganar ta riga shi zuwa gindin darbejiya. A cikin masu zama akwai Tanko Rewaya, mai gyaran wutar babur, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan Haladu. Ya ce, "Malam Haladu, turo shi in duba maka. Aikin minti biyar ne, ladan maƙwabtaka nake nema."

Da mai hankali ne, da ya ce Allah ya saka da alheri. Haladu kuwa miƙewa ya yi, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ku shaida, jama'a! In hannun wani mahaluki ya tayar da siginar nan ba nawa ba, ni Haladu zan tura Toro da ƙafa daga gidana har bakin kasuwa, ranar kasuwa, ban hau ba!"

Dattawa suka ce sun shaida.

Da gari ya waye ran Laraba, gwarzon ya yi azama, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera makamai: sukudireba mai karyayyen baki wadda ta ga gwamnatoci da dama, da filaya, da baƙin tef, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ya ƙwace farantan matarsa Asabe guda uku, ya mai da su ma'ajin noti da kusoshi. Hari na farko ya kai shi kan ƙwayayen fitila, ya fille su huɗu ya sa sababbi. Shiru. Ya afka wa fiyus, ya same shi lafiya ƙalau, duk da haka ya tsige shi, domin a fagen fama ba a tsayawa shari'a. Ya goga waya a kan batir, wuta ta yi tartsatsi ta ƙone masa gashin hannu, ya yi kabbara ya ce, "Da ranka, ɗan halas!" Daga nan ya kamo filasha, wato ɗan gwangwanin da ke sa sigina ƙiftawa, ya kai shi kunne yana girgizawa kamar mai zaɓen ƙwai, ya yanke masa hukuncin cin amana, ya sayo wani. Ya tura maɓalli. Ko ƙyas.

Ran Alhamis ya shiga babban birnin abokan gaba, wato bayan fitilar gaba, inda wayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa suka cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya, waɗanda tun da aka ƙera babur ɗin ba wanda ya tashe su daga barci. Ya ja ɗaya, hon ya ɗauki kuka ya ƙi yin shiru, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya.

"Sun fara kururuwa!" in ji Haladu. "Nasara ta kusa!"

Asabe ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, in an ci garin a aiko min da farantaina, kuɓewa zan shanya."

"Ke, ana yaƙi kina zancen kuɓewa?"

"Ai da ita mayaƙan za su ci tuwo."

Ran Juma'a Toro yana tsaye tsirara, hanjinsa a waje, sigina ba ta ko motsa ba. A nan ne ya kamata mutum ya san iyakarsa. Amma mai girman kai, in abu ya gagare shi, ba ya duba hannunsa, maƙwabci yake dubawa. Bayan an sauko daga masallaci Haladu ya tsaya a majalisa ya ce wannan ba lalacewa ba ce, hannu aka sa, kuma wanda ke cin abinci da mutuwar wuta shi ya san abin da ya binne. Aka ce wa yake nufi. Ya ce Tanko, bai ko rage murya ba.

Washegari da safe Tanko ya yi sallama, dattawa huɗu na biye da shi. Ya ce, "Malam Haladu, an ce na yi wa Toro asiri. Ni ko zanen ƙasa ban iya ba. A ba ni izini in wanke kaina."

Haladu ya yi dariyar manya ya ce, "Taɓa mana! Abin da ya gagari ɗan Gambo kwana uku, kai ne za ka iya?"

Tanko ya tsuguna, ya mai da wayoyin da aka tumɓuke, sannan ya tsura wa gindin sigina ido. Ya sa farce ya taɓa jan abin nan. Ya ce, "Wannan fa?"

"Fata ce. Ado."

"Wa ya sa?"

"Ni. Da hannuna."

Tanko ya kwance noti, ya zare zobban fata, ya ɗaure ƙarfe a kan ƙarfe. Ya ce, "Wutar babur irin na da, ta waya take zuwa, ta jikin ƙarfe take komawa. Ka buɗe mata ƙofar shiga, ka toshe ta fita da aikin baduku. Tura maɓalli."

Haladu ya tura. Sigina ta ƙifta hagu. Ya tura dama, ta ƙifta dama, da fara'a, kamar ba ta taɓa ciwo ba. Tanko ya zuba masa guntayen fata a tafin hannu ya ce, "Ga asirin, riƙe abinka." Asabe ta zo ta juye kusoshi a tabarma, ta ɗauke farantanta.

Dattawa suka sa ya nemi gafarar Tanko a gindin darbejiya, inda ya yi ƙazafin, ya nema. Alwashi kuwa ba su yafe ba. Ranar kasuwa, rana tsaka, Malam Haladu ya tura Toron Giwa da ƙafa daga ƙofar gidansa har bakin kasuwa, tanki cike da mai, inji lafiya lau, kuma a kowace kwana sai da ya tsaya ya kunna sigina.