Rasuwar Firjin Malam Dogara

Da zuciya a dagule da hannu a karye, Malam Dogara mai allurar rigakafi na unguwar Hausawa a Ogui yana sanar da kisan gillar da aka yi wa abokin aikinsa, Firji mai kananzir, ranar Talata da hantsi.

Marigayin ya iso Inugu a bayan akori-kura, lokacin da mutanenmu suka fara dawowa bayan yaƙi. Abincinsa kananzir, aikinsa sanyaya maganin rigakafin ƙyanda. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ɗan ƙulul-ƙulul a cikinsa.

Ciwon ajali ya kama shi a shekarar ƙarin albashin Udoji, ranar walimar dawowar Alhaji Hammadu daga Makka. Unguwa kaf firji ɗaya ne, kuma wa zai iya hana Alhaji aro? Aka ɗura masa lemon kwalba har wuya, aka wuni ana buɗe shi ana rufewa. Maganin ya sha zafi ya mutu, ba wanda ya sani.

Da ƙyanda ta shigo, Dogara ya bi gida-gida kamar yadda ya saba. Yaran da ya yi wa allura kafin walima suna ta tsalle. Na bayan walima duk suna kwance. Cikinsu har da Sa'a, autar Alhaji, wadda aka binne ranar Litinin. Allah Ya ji ƙanta.

Washegari Alhaji ya zo da taɓarya yana cewa firjin ne ya kashe masa 'ya, jama'a na biye da gatari da rodi. Suka ɓalle ƙofar marigayin, suka farke cikinsa, suka tattake fitilarsa har kananzir ya malale a ƙasa. Dogara ya faɗa kan firjin ya rungume shi, taɓarya ta sauka a hannun da yake allura da shi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya dubi idon uban da ya binne 'yarsa jiya, ya haɗiye.

Marigayin ya bar lagwani ɗaya, da mazurari, da jarirai masu jiran allura.

Za a kai shi makwancinsa wajen 'yan gwangwan na Kasuwar Artisan bayan la'asar. Masu ta'aziyya su yi haƙuri da ruwan randa.

An tsinci kwalaben lemo biyu a ƙasan cikin mamacin, ko tsagewa ba su yi ba. Mai su ya zo ya ɗauki kayansa.