Ranar da Rana ta Ci Mini Riga

Akwai abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so. A shekarar da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanville ne, manyan motoci suka yi ta kwana a bakin hanya. Ina koyar da ilimin haske ga ɗaliban injiniya a jami'a, sai na kwaso goma sha biyu daga cikinsu zuwa gida Gaya, su taɓa da hannu abin da muka shekara muna zanawa a allo.

Aikin mai sauƙi ne: a liƙa ɓarɓashin madubi a tsohon faranti na parabol, irin na kamo tashoshin talabijin, a tara hasken rana wuri ɗaya, a tafasa butar shayi. Na kai aikin ƙarfen wurin Baba Idi mai walda, wanda ya yi shekara ashirin yana ɗora wa mutane parabol a kan rufi.

Na ba shi awon inda zai kafa mariƙin buta, daidai gaban tsakiyar faranti. Ya dubi takardar, ya dubi farantin.

"Mushe, irin wannan ba a tsakiya yake tara abu ba. Can ƙasa yake zubawa," in ji shi. (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu.)

Ɗalibai na tsaye suna ji. Na buɗe ɗan littafina (da ajami nake rubuta bayanin lissafina tun ina yaro, kuma ina jin daɗin yadda ba mai iya leƙawa), na ce, "Baba, walda taka ce, haske nawa ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji shi. Ya kafa inda na ce.

Ranar gwaji na sa babbar rigata ta shadda, wadda nake ajiye wa Juma'a. Muka juya faranti ga rana bayan azahar. Masu kifi da masu babur suka taru. Minti ashirin, buta ko gumi ba ta yi ba. Wata ɗaliba, Hadiza, ta tsoma yatsa ta ce, "Mushe, ruwan ya yi daidai da alwala."

Sai na yi abin da malami ke yi in ya rasa mafita: na ƙara bayani. Na matsa gindin faranti, na ba shi baya, na shiga zancen ƙura a iska da karkatar rana. Na ji ƙauri, na ɗauka mai gasa kifi ne. Na ji ɗumi a ƙugu, na ce zafin Gaya ne.

Baba Idi ne ya zo a hankali, ya ɗauke butar nan da ta ƙi tafasa, ya juye mini ita a baya.

"Ga inda hasken naka yake, Mushe."

Ramin da rana ta ƙona a rigar ya kai faɗin faifai, har ya taɓa wando. Ɗalibai suka yi ta tari don kada su yi dariya. Masu babur ba su da wannan ladabin. Haka na tafi gida da sallayar wani ɗaure a ƙugu. Ashe farantin irin mai karkatacciyar tsakiya ne. Ni kuwa na yi lissafin wanda ke cikin littafi.

Wata takwas ina sauya hanya don kada in bi ta gaban shagonsa. A masallaci ma sai na duba sahun da yake. Amma maganar da na yaɓa masa gaban yara ta ƙi fita daga raina, don a gaban mutane na faɗe ta.

Da na kawo sabon aji, shagonsa muka fara zuwa. Na ɗaga tsohuwar rigar, na leƙo su ta ramin, na nuna Baba Idi, na ce, "Wannan ne malaminku na yau. Ya gaya mini gaskiya, na raina shi. Baba, ka yafe mini."

Ya goge hannu.

"Na yafe tun ranar. Amma yau ka tsaya can inuwa, ruwanmu kaɗan ne."

Ya kafa mariƙin can ƙasa, inda ya ce tun farko. Buta ta tafasa kafin in gama gyara zama. Tun daga nan, in mai aikin hannu ya ce mini "ba nan ba ne," nakan rufe littafi, in kuma duba abin da ke bayana.