Iskar da ta Kai Ni Nehalem

"Sannu da hutawa, zakaran tseren duniya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," na ce, haƙorana na kaɗawa.

Jikata Marnie ce tsaye a ƙofar ɗan shagon kofi na garin Nehalem, ruwa na ɗiga daga hular kwanonta. Ni kuwa ina maƙure a gindin murhu, mai shagon ta lulluɓe ni da tawul ɗin goge kwanuka, na koma kamar kazar da ta faɗa randa. Tun da aka sa mini ƙugun ƙarfe nake atisaye saboda hawan keke na bakin teku da ƙungiyarmu ta mahaya keke ke yi duk shekara. Uwarta Joanne, 'yar cikina, ta riga ta yanke hukunci: ranar da aka sake kwaso ni a mota daga gefen titi, ranar za ta garƙame keken da kwaɗo. Tun da na sayar da jirgina na kamun ƙaguwa, keken nan ne kaɗai ya rage mini, kuma ina tsoron rasa shi. Shi ya sa na kira Marnie a waya, murya ƙasa-ƙasa, na ce ta lallaɓo da a-kori-kura kada uwarta ta ji.

Ta ja kujera, ta janye kwanon miyar kifina gabanta.

"Tsoho, wa ya kawo ka nan tun daga garinmu Garibaldi?"

"Ƙafafuna. Da kin gan ni yau, yarinya. Motar katako na wuce, direban ya leƙo yana tambaya ko inji na sa."

"Ni ma wata ledar burodi ta wuce ni a hanya, ta nufi arewa a guje. Ban ga tana taka feda ba."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Wane ne ya koya mini cewa in za a fita atisaye a fara fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo tana tura mutum gida?"

"Wani dattijo ne mai hankali."

"Yana ina?"

"Tun safe ban sa shi a ido ba."

Gaskiyarta. Ni na koya wa rabin 'yan ƙungiyar wannan doka. Amma yau da na fito, hadari ya haɗo daga kudu, iska ta dafa mini baya, sai na ji ƙafafuna sun koma na saurayi. Har waƙa na yi a hanya. Ban ko tambayi kaina ba me ya sa duk itatuwa suka sunkuya suna nuna inda na dosa.

"To da ka juyo fa?" in ji Marnie, bakinta cike da dankalin miyata.

"Na juyo lafiya lau."

"Mai shago ta ce ta hango ka ta taga."

"Mai shago ba ta gani sosai."

"Ta ce kana ta taka feda kamar mai gudun kura, akwatin wasiƙun nan na gefenka bai matsa ba."

"Akwatin ne ke bina."

"Ta ce wata tsohuwa mai yawo da kare ta wuce ka, ta je ta dawo, ta sake gaishe ka."

"Matar tana da ladabi, ba irin 'ya'yan yanzu ba."

"Kowa ya ci ladan kuturu, Tsoho, dole ya yi masa aski. Iska ta goya ka, yanzu sai ka goya ta."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Kai ka hango Nehalem, ba ka hango hanyar komawa ba."

Na ga ba riba, sai na miƙe ina gyara tawul. "Ina kika ajiye motar? Ki kai ta bayan shago, mu saka keken, ki sauke ni kusa da gida in ƙarasa da kaina."

"Wace mota?"

Ta nuna taga da cokali. Ga kekenta jingine da nawa, ruwa na dukan su tare. Na juyo gare ta.

"Marnie, mota na ce."

"Na ji. Mama tana zaune a taga, makullin motar yana gabanta, kwaɗon ma ta riga ta saya. Ka san garin nan, kafin mu ɗaure keken an kira ta. Cewa ta yi in aka kwaso ka. Ba ta ce komai ba a kan wanda ya dawo da ƙafarsa."

"Cikin wannan iskar?"

"Tsawa ta wuce, sauran iska da yayyafi. Ni zan shiga gaba in tare maka. Ka manne wa tayata ta baya."

"Ni, Arvo? Tun kafin a haifi uwarki nake jan ayari a titin nan, ban taɓa laɓewa a bayan kowa ba. Ke da ko kyanwa ba za ki kare daga iska ba, guntuwa da ke."

"To zauna. Bari in kira Mama, dama ta ce wurin keken zai yi kyau da tukwanen fure."

Ta ciro waya. Na dube ta, sai na tuna da ita tana ƙarama a kan ɗan jan kekenta, a wannan titin, iska na neman kayar da ita tana kuka. Ni na sha gabanta a ranar, na ce kada ta kalli teku, kada ta kalli tudu, tayata kawai za ta kalla.

Dariya ta kubce mini. Na ciro tsohuwar rigar ruwata ta jirgi daga jikin ƙusa, rawayar nan da mai jan ayari ke sawa don masu mota su gani, na jefa mata.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Tana warin ƙaguwa."

"Warin shugabanci ke nan. Ki saba."

Muka hau titi. Teku na ta dukan duwatsu a damanmu, rigar ta kusa kai mata gwiwa, tana kaɗawa kamar tuta. Amma a bayan wannan guntuwar yarinya iska ta sake ni. A gindin tudun farko ta waiwayo ta ɗaga murya.

"Tayata kawai za ka kalla, Tsoho."

Na kalla. Ruwa ya cika mini ido, kuma ba duka ne na sama ba.

Joanne na tsaye a baranda da kwaɗo a hannu lokacin da muka shigo, ni ina haki kamar tsohon famfo. Ta dubi rigar a jikin 'yarta, ta dube ni.

"Wa ya jawo wani a cikinku?"

"Jawowa?" in ji Marnie tana cire hula. "Mama, ki yi wa mahaifinki magana. Tun daga Nehalem yake korata, ko numfashi bai bar ni na yi ba."