Makiyayan Suna Ciki

Ni na gina 'yan mutum-mutumin yumɓu na Kirsimeti don cocinmu na Kafanchan: makiyaya, tumaki, mala'iku. Kafin fenti na jera su ɗanyu a babbar roba, kowa da layinsa, ina ta yabon kaina.

Matata ta ce, "Baban Grace, rufin nan yana yoyo fa."

Na ce, "A Nuwamba? Ruwa ya tafi."

Ashe bai tafi ba. Washegari na tarar da jama'ata sun narke sun zama curi guda. Sai na shafa masa kore, na kai coci, na ce dutsen Baitalami ne.

Wata yarinya ta ce, "Ina makiyayan?"

Na ce, "Suna ciki." Coci ya ɗauki tafi!

Har yau dattawa kan tare ni: "Mai Dutse, sun fito?"