Ranar da Aka Yi Bikona a Kan Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na sauya jam'iyya ni kaɗai, a madadin mutanen da ba su aike ni ba. Har yau idan na ji motar lasifika ta doso unguwarmu, sai in samu abin yi a ƙuryar ɗaki.

A lokacin ƙasarmu tana amsa sunan Dahome, 'yanci bai daɗe da samuwa ba, sojoji kuma ba su gama koyon hanyar gidan rediyo ba. Ni kuwa na dawo Malanville daga lakwal, wato makarantar boko, ta kwana a kudu, da takardar koyarwa da kai cike da waƙoƙi. Ina koyar da yara 'yan aji biyu, da yamma in tafi bakin gulbi in zauna ina kallon jiragen masunta, ina neman kalmar da za ta dace da launin ruwa. (Ban taɓa samunta ba. Sauro dai ya same ni.)

A gidan Kawu Alhaji Garba nake zaune, ƙanen mahaifiyata, babban ɗan kasuwar albasa, wanda ya ɗauki nauyin karatuna tun daga allo na farko. Jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi a garin. Ba zan kira sunayensu ba, mu ma da launin zane muke kiransu: mu masu kore, su masu rawaya. Da zaɓen dipite, wato ɗan majalisa, ya matso, Kawu ya nemi masu kore su tsayar da shi. Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai suna Malam Isufu, shi ma ya nema. Wakilai suka taru har daga Madekali, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Malam Isufu ya fi na Kawu tsawo.

Tun daga ranar ƙofar gidanmu ta koma wurin zaman makoki, sai dai makokin mai hayaniya. Maza suka cire hulunansu kore suka tura ƙarƙashin tabarma. A cikin gida kuwa Inna Hajo ce ke jan ragama. Yayar Kawu ce, mai sayar da bandar kifi, shugabar matan jam'iyya, mace mai muryar da ake ji daga wannan gaɓa zuwa garin Gaya da ke tsallaken gulbi.

"Mun bar su," in ji ta, tana dukan cinya. "Ko bakin gulbi munka gamu da mai kore, ba gaisuwa. Rawaya za mu, dukkanmu."

"Dukkanmu," mata suka amsa.

Ni ina gefe, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba: jama'a guda, an zalunce su, sun tashi da zuciya ɗaya. Inna ta ninke koren zanenta, ta sa masa kafur, ta ajiye a ƙasan akwati. Na ɗauka irin ajiyar da ake yi wa kayan mamaci ce. Ni kuwa da na fi kowa gaskiya, na ɗauki almakashi na yayyanka nawa ƙanana-ƙanana, na raba wa 'yan ajina su riƙa goge allo.

Abin da ban sani ba, wanda ko 'yan tallan goro sun sani, shi ne duk wannan fushin ciniki ne. Malam Isufu ba zai ci zaɓe ba sai da mutanen kasuwa, mutanen kasuwa kuwa na Kawu ne. Kawu yana son a ba shi shugabancin jam'iyya na gari, don kada ya fita daga wannan kaye hannu rabbana. Malam Isufu yana jan ƙafa, yana so ya ba wani nasa. Dattawa suna ta kai da kawowa ta ƙofar baya. Mutuncin Kawu duka a kan wannan kujera ya rataya. Ni dai ina can ina tsara waƙar bankwana.

Kullum sai in tambayi Inna, "Yaushe za mu tafi?"

"Muna bisa hanya, ɗiyata."

"Ko in je in sanar da masu rawaya?"

"Ke dai ci tuwonki."

Na yi ta tunani a kan wannan jinkiri, har na gano dalilinsa (ni a ganina): kunya suke ji. Manya ne, ba za su iya takawa da ƙafarsu zuwa rumfar abokan hamayya ba. Suna bukatar wanda zai buɗe musu hanya. Wa ya fi dacewa da wannan sadaukarwa in ba 'yar da suka ilimantar ba?

Ranar Alhamis ba a lakwal. Da safe na ga an share ƙofar gida, an aro tabarmi daga maƙwabta, Inna ta ɗora manyan tukwanen shinkafa da kifi. Na ce a raina, walimar rabuwa ce, lallai yau ce ranar. Na yafa mayafina na nufi tasha, inda masu rawaya ke da rumfa.

Shugabansu Bawa ne, babban direbobin tasha, mutum mai haƙorin azurfa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Madam, ke ba ɗiyar gidan Alhaji Garba ba ce?"

"Ni ce."

"Alhaji ya san kin taho?"

"Zuciyarsa ta sani," na ce. (Allah Ya yafe mini wannan jimla.)

"Mutum nawa ke bayanki?"

"Dukkanmu."

Bawa ya dubi mutanensa, suka dube shi. Na ga alamar bai gama yarda ba, amma wane mai farauta ne zai ga barewa ta shigo har rumfa ya tsaya tambayarta hanya? Kafin la'asar an samo babbar motar ɗaukar albasa, an ɗaura mata lasifika, an haɗa da batirin mota. Aka ba ni sabon zane rawaya, mai tauri kamar takarda, wata mata ta ɗaura mini a kan kayana. Aka loda makaɗa biyu da tulin zannuwa rawaya na raba wa sauran 'yan gidanmu. Na taka benci, aka ja ni sama.

Dole in faɗi gaskiya: na ji daɗi. Waƙoƙina ba su taɓa wuce kunnen gulbi ba, yau ga muryata tana dukan bangon shaguna tana dawowa. Muka zaga kasuwa, muka bi ta gaban duwan a bakin gada, jandarma biyu suka daina hira suna kallona. Mata suna leƙowa ta katanga suna riƙe baki. Na ɗauka waƙar ce ta ratsa su.

Ina da wata ɗabi'a, idan waƙa ta kai inda nake so, sai in rufe ido. To, da Bawa ya ce wa direba ya karya kwana zuwa ƙofar Alhaji Garba a kwashi jama'a, idona a rufe yake, hannuna ɗaya a sama, ina kan baitin da na fi alfahari da shi:

"Mun naɗe tabarma, mun bar muku rumfa,
Gidan Alhaji ya yi ƙaura, kada ku biyo sawu.
Gulbi ba ya komawa inda ya fito,
Mu ma haka, har abada."

Motar ta tsaya. Makaɗa suka yi shiru, ɗaya bayan ɗaya. Na ji "har abada" tawa ta tafi ta bugi katangar masallaci ta dawo ita kaɗai. Na buɗe ido.

Kore. Ko'ina kore. Hulunan da ke ƙarƙashin tabarma duk sun koma kawunan masu su. Matan da suka rantse tare da ni suna tsaye a jere cikin koren zane, gumin rawa bai bushe musu ba. A tsakiya ga Kawu da Malam Isufu zaune a tabarma ɗaya, hannunsu cikin na juna, ga huhun goro a buɗe a gabansu. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, sai ya tsaya a haka, yana kallona ta tsakanin yatsunsa.

Ashe shinkafar ta sulhu ce.

Malam Isufu ya zare hannunsa a hankali. "Alhaji, wagga ba ɗiyarka ba ce?"

A nan ne ko ni mai kallon gajimare na gane abin da na yi. Mutumin ya tako har ƙofar gida da goronsa, ga 'yar gidan a kan motar abokan hamayya tana shelar ƙaura. Idan ya tashi ya kaɗe rigarsa, Kawu ya rasa takara, ya rasa kujera, ya kuma zama wanda ba ya iya riƙe ko gidansa.

Kawu bai dube ni ba. Ya ɗauki goro guda, ya ɓare, ya ciji rabi, ya tauna kamar ba shi da wani aiki a duniya.

"Ita ce," in ji shi. "Ta fari ke nan da ta kuɓuce mini. Sauran ga su nan, da ƙyar nike riƙe da su. Ban san ko zan iya kai su gobe ba."

Malam Isufu ya dubi motar, ya dubi tulin zannuwan rawaya, ya dubi Bawa da ke leƙowa ta taga yana haska haƙorinsa. Ya juya ga dattawansa, suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Da ya ɗago sai ya ce, yadda kowa zai ji, ai shugabancin jam'iyya na gari ba shi da mai shi in ba Alhaji Garba ba, shi dama abin da ya zo faɗa ke nan. Liman ya yi maza ya shafa fatiha kafin wani ya sake magana.

Da a nan abin ya ƙare, da na gode wa Allah. Amma Malam Isufu mutum ne mai son raha. Ya ɗebi goro a hannu, ya tako har gindin mota, ya ɗaga kai.

"Madam, na yi bikon kowa, saura ke. A yi haƙuri a dawo ɗaki."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Gaya. Ni kuwa ba abin da nake so irin in sauka, amma bencin da na taka yana can tasha. Aka mirgino turmi aka kifa. Na juya baya, na zuro ƙafa ɗaya ina laluben turmin, sabon zanen ya ƙi lanƙwasa. Ban lura cewa har lokacin ina rungume da abin magana a ƙirjina ba. Saboda haka unguwa duka, da masu dawowa daga kasuwa, suka ji muryar da ta gama cewa "har abada" tana cewa ta lasifika, "Inna, don Allah ki tare ni, zan faɗi."

Inna ta tare ni kamar buhun kifi, ta dire ni ƙasa. Ƙamshin kafur na tashi daga zanenta.

"Madam," Bawa ya kira daga mota, "zanenmu fa? Ƙidayarsu anka yi."

Inna ta warware shi daga jikina da hannu ɗaya, ta dunƙule ta wurga masa. "Ga tsiyarku nan. Ka gaida mutanen tasha." Sannan ta tura ni zaure. "Shiga ki ɗauro korenki, ki fito a gan ki."

Na tsaya ina kallon ƙasa.

"Ina korenki?"

"Yana lakwal."

"Mi shi ke yi a lakwal?"

"Yara na goge allo da shi."

Inna ta zauna a bakin zaure, ta riƙe kai. Matan da ke kusa suka cusa bakin zane a baki.

"Ke wace irin lakwal kinka yi?" in ji ta. "Shekara da shekaru ana aika miki gari da kifi, ba wanda ya gaya miki? Mai yaji gidan ubanta taka zuwa ta zamna, ta ɓata rai, ta jira biko. Ba gidan wani namiji taka zuwa da makaɗa ba."

Da gari ya waye Kawu ya aika a kira ni. Na je na durƙusa nesa da shi, na shirya jin duk abin da ya dace da ni. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Kawu."

"Ba wanda ya ce ki hau motar nan?"

"Ba kowa."

"To. Kada ki sake faɗa ma kowa haka."

Sai daga baya na fahimci nufinsa. Kafin ranar kasuwa labari ya gama gari cewa Alhaji Garba ne ya shirya abin tun daga farko, ya tura 'yarsa mai ilimi ta tsorata Malam Isufu. 'Yan kasuwa suna zuwa gaishe shi suna girgiza kai, suna cewa Alhaji sai a bar shi. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ai siyasa sai da dabara. Ni aka bar ni da sabon suna: har iyayen yara idan suka zo lakwal, Madam Yaji suke tambaya.

Cikin duk waɗanda suka rantse a tsakar gidanmu, ba wanda ya koma rawaya sai ni, ni ma daga azahar zuwa la'asar. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki suka rufe jam'iyyun duka, kowa ya huta.

Har yanzu ina rubuta waƙa, har yanzu kuma ina yarda da mutane, wannan ba ya warkewa. Sai dai idan taro ya tashi da murya ɗaya aka ce "mu tafi", ni ma nakan amsa da ƙarfi, sannan in sunkuya neman takalmina, in yi ta nema a hankali, har sai na ga mutum guda ya fita ƙofa.